Gaisuwar 'Yan Tilo a Birnin Kurzan

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya rufa mata sama, ya ba ƙarfe tauri ya ba wuta iko a kansa, ya sanar da matafiyi ranar fita ya ɓoye masa ranar komowa. Bayan haka, ni ne Barmo ɗan Jatau, maƙeri jikan maƙera, mutumin Gwalmi da ke gindin Dutsen Tama a bakin Fadamar Gishiri. Ga labarin yadda na tafi neman sani a bayan teku, da yadda sanin nan ya kusa juyowa ya cinye garinmu da wuta.

Mafarin abin wani guntun ƙarfe ne da wani falke ya kawo maƙerarmu a cikin tarkace. Kamar tukunya yake mai dogon wuya, jikinsa duk zara-zaran haƙarƙari, cikinsa sumul kamar an lashe. Na juya shi na juya, ban ga inda guduma ta taɓa shi ba. Falken ya ce a ƙasar Kurzan ake yin irinsa, ana haɗa su a yi inji, injin ya ɗauki jirgi ya keta sama da shi. Ni kuwa tun ina ƙarami ba na iya ganin abu in bar shi ban san cikinsa ba. Yayata Tabawa, wadda ita ta rage mini a duniya, ta yi faɗa ta gaji, ta yi kuka ta gaji, daga baya ta soya mini gyaɗa ta ɗaure a tsumma. Na ɗauki gudumata da ƙaramar uwar maƙerata na kama hanyar gabas.

Cikin abubuwan da na gamu da su akwai Kwarin Amo. Duk maganar da aka yi a kwarin nan ba ta mutuwa, sai ta shige duwatsu ta kwana shekara, sannan ta fito. Ina tafe ni kaɗai sai in ji wani yana kiran jakinsa, wata tana rarrashin ɗanta, wasu suna gardama a kan tulu, alhali ko ƙadangare babu. Da farko tsoro ya kama ni. Da kaɗaici ya yi mini yawa sai na koma amsa musu, ina raba masu gardama, ina taya matar rarrashi. Kafin in fita na tsaya na yi sallama da ƙarfi, na tambayi lafiyar gida da gajiya, don wanda zai biyo baɗi ya sami mai gaishe shi. Daga nan na shiga jirgin ruwan fatake, muka yi ta fama da teku har damina ta zo ta wuce muna kan ruwa.

Birnin Kurzan a kan wani tsauni yake, kuma tun daga nesa za ka ga komai nasa biyu ne: ƙofa biyu, hasumiya biyu, rijiya kusa da rijiya. Mu a wajenmu cewa ake yi hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu wuce. Su kuwa sun ɗauki zancen sun mai da shi doka. Ranar da aka haifi yaro ake haɗa shi da abokin rai, tare za su ci, tare za su yi aiki, tare za su yi tsufa, ba a sake wa mutum wani. Sarakunansu ma biyu ne, na Dama da na Hagu. Abin da bai rabu biyu daidai ba ƙazanta ne a wurinsu, sun fi ƙyamarsa a kan mushe.

Masu tsaron ƙofa su biyu suka dube ni, suka leƙa bayana, suka ga ba kowa. Ɗaya ya ce tilo ba ya shiga birni, ɗayan ya ƙarasa cewa in koma inda na fito. Jirgin da ya kawo ni kuwa ya riga ya juya. Na ga dabara ta rage wa mai shiga rijiya, sai na shimfiɗa buzuna a tsakaninsu na zauna, na kwance sauran gyaɗata. Na ce musu ba komai, zan jira, amma su ƙidaya mu su gani, muddin ina nan mu uku ne a ƙofar birninsu. Ai kuwa sai ga gumi yana keto musu. Masu wucewa suka fara rufe wa yara ido. Ba a jima ba aka tasa ni gaba da dogon gora, don kada hannu ya taɓa ni, aka bi da ni bayan ganuwa har Unguwar Tilo.

A nan ake zubar da duk wanda abokin ransa ya mutu. Ba a dukansu, ba a hana su abinci, magana ce kawai ba a yi musu sai ta aiki. Su kansu sun daɗe da daina yi wa juna, kowa yana cin tuwonsa yana kallon bango. Na taɓa kwana da yunwa, na taɓa kwana da zazzaɓi a jeji, amma ban san abin da ake kira kewa ba sai da na zauna cikin mutane da yawa babu mai tambayata sunana.

A ƙarshen unguwar, bakin wani fili mai gangarewa zuwa teku, akwai rumfar ƙira. Mai ita wata tsohuwa ce, Iya Marka, gajeriya mai faɗin kafaɗa, bakinta ba ya raina kowa kuma ba ya ƙyale kowa. Ita da abokiyar ranta suka fara ƙera injin jirgi, da abokiyar ta rasu aka kwaso ta da kayanta aka kawo nan, don birni ba ya son ganinta kuma ba ya iya rabuwa da aikinta. Na gaishe ta na durƙusa. Ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata.

Ta ce, "Ɗan nan, wa ya koya maka riƙe guduma? Ko ma wane ne, ya san abin da yake yi. Tashi ka hura mini wuta."

A rumfar nan na ga abin da ya raba ni da gida. Tukwanen nan masu haƙarƙari, waɗanda ake kira silinda, guda tara aka jera a zagaye, kowace kanta waje gindinta ciki, kamar mutane sun kewaye akushi. A cikin kowace akwai fistin mai kai da komo, kuma dukkansu wata gwiwar ƙarfe guda suke turawa a tsakiya, ita ce ke juya farfela, wato fankar gaban jirgi. Sanda guda mai kauri ce ke riƙe da gwiwar, Iya tana kiranta uwa, sauran takwas kuwa a jikin uwar aka maƙala su. Ba ya shan ruwa don ya huce, iskar da farfela ke kaɗowa ita ke ratsa haƙarƙarin ta kwashe zafi. Ciwon injin guda ne, uwar sandar takan karye in an matsa mata. Muka gwada ƙarfe iri-iri ba a dace ba, sai da na sadaukar da uwar maƙerata ta Gwalmi muka narke. Wannan sandar ba ta ko lanƙwasa ba.

Akwai wani aiki da muke yi kowace safiya. In inji ya kwana bai yi aiki ba, baƙin mai yakan tsiyaya ya taru a silindun da ke ƙasa, waɗanda kansu ke kallon turɓaya. Mai kuwa ba ya matsuwa kamar iska. In aka tayar da inji a haka, fistin ya dako man nan, sanda ce za ta karye. Saboda haka sai mu kama farfela da hannu mu juya a hankali, in mun ji ta cije mu kwance mu tsiyaye. Matuƙan jiragen birni sukan hango mu muna wannan, suka yanke wa kansu hukunci cewa 'yan tilo ne ba su da wanda za su gaisar da safe, shi ya sa suke kama hannun inji. Har suna suka sa wa abin, gaisuwar 'yan tilo. Iya ta sha gaya musu dalili, su yi murmushin tausayi su wuce. Ni dai ban ji haushinsu sosai ba, don ba duka suka yi ƙarya ba.

Tuƙi ma a nan na koya. Ba a yarda cikakken mutum ya hau sabon inji, sai a ɗora ɗan tilo, don in ya faɗo ba wanda za a yi wa ta'aziyya.

Rannan sarakuna suka sauko ganin aiki, abin da ba su taɓa yi ba. Da ma daga nesa suke ganin jirage, an rufe injin da gwangwani. Na Dama ya sa aka buɗe, na Hagu ya ƙidaya da sandarsa, ya sake ƙidayawa, fuskarsa ta canja. Tara! Nan take aka ce ko mu mai da su goma kafin wata ya mutu, ko a jefa mu teku daga kan tsauni.

Goma kuwa ba ta yiwuwa. Wuta a injin nan tsallake take yi, ta kama wannan ta bar na kusa da shi, ta kama na gaba. In tara ne, kafin ta zagayo sau biyu kowa ya samu. In goma ne, sai ta yi ta komawa kan biyar ɗin farko, biyar suna zaune ba su ɗanɗana ba. Iya ta yi kwana da kwanaki tana neman mafita ba ta samu ba, har ta fara raba kayan aikinta. Ni kuma ina zaune ina kallon injuna biyu da aka jingina ɗaya bayan ɗaya a bango, sai abin ya faɗo mini. Na ce me zai hana mu haɗa su a gwiwa guda, tara a gaba tara a baya, a goce na bayan kaɗan yadda kowace za ta leƙo ta tsakanin biyu ta sha iska? Kowace silinda ta sami abokiyar rai, wuta kuma ta ci gaba da tsallakenta.

Iya ta duba injunan, sannan ta ce kan nan nawa ba don ɗaukar hula kaɗai aka yi shi ba. Na bayan sun so su ba mu wuya da zafi, muka yi musu 'yan marfin gwangwani masu karkato iska. Da sarakuna suka dawo suka ƙidaya goma sha takwas, suka yi murna har na Hagu ya kusa yi mana magana kai tsaye. Ranar ce kaɗai na ga Iya ta yi dariya har da riƙe ciki, muka ci tuwo a akushi guda, abin da ba a yi a unguwar.

Ashe garin neman gira muka kusa rasa ido. Sabon injin ya ninka tsohon ƙarfi, jirgin da ke ɗauke da shi yana iya tsallake teku da kaya mai nauyi. Sarakuna suka sa aka gina manyan jirage masu buɗaɗɗen ciki, aka cika fili da su, aka fara ɗura bama-bamai. Suka tambayi fatake inda ake samun ƙarfen da ba ya karyewa, fatake suka ce ai na Dutsen Tama ne, kuma mutanen wurin ba sa sayar da dutsensu. Wani mai kawo mana gawayi ne ya faɗa a bakin aiki, ba da nufin komai ba, cewa za a share wani gari wai shi Gwalmi.

Na bar guduma na fita bayan rumfa na zauna. Gidajen Gwalmi duk jinka ne da kara, wuta guda ta ishe su. Na tuna Tabawa tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja ruwan ne a kan waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Na yi tunanin cinna wa filin wuta, amma masu gadi biyu-biyu ne a kowace kusurwa. Iya ta zo ta tsaya a kaina, ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Cewa ta yi in tashi, akwai tankin mai da za mu ƙara wa jirginmu na gwaji, a ramin da ake zuba bam.

Al'adar Kurzan ce, kafin a fita yaƙi sai a tsarkake kayan yaƙi, a kewaye su da farin zare, a bar su wata guda ba mai taɓawa. Ɗan tilo kuwa ko inuwarsa ba a yarda ta faɗa kansu. Ranar da za a ɗaura zaren, baraden yaƙi su biyu suka zo bakin rumfa suka tsaya nesa, suka tambaya ko akwai abin da ya rage. Na ɗauka Iya za ta ce babu.

Ta ce, "Ranku ya daɗe, saura abu guda. Ranar tashi, kowane jirgi a kama farfelarsa da hannu a juya a hankali kafin a tayar. In ba a yi ba, injin zai karye."

Barden Dama ya tofar da yawu. Ya ce, "Mu yi gaisuwar 'yan tilo ranar yaƙi?"

Na Hagu ya ce, "So kike kowane mayaƙi ya kira wa abokin ransa mutuwa da hannunsa? Tsufa ya taɓa ki."

Ta ce, "Ni dai na faɗa."

Da suka tafi na tambaye ta me ya sa ta gaya musu. Ta ce ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya a kan inji ba, ba kuma za ta fara da furfura ba. Ta ƙara da cewa a cikinsu aka haife ta, ta san iyakar abin da kunnensu ke ɗauka.

Watan nan ya fi mini tafiyar teku tsawo. Kullum da safe mu gaida namu jirgin, mu tsiyaye masa mai, mu hango sauran can cikin farin zarensu ba mai zuwa kusa. Ban san ko wani matuƙi mai hankali zai karya al'ada ba. Ban san ko man zai taru yadda ya kamata ba.

Ranar tashi da hantsi aka buga tambura biyu. Muna bakin filinmu muna saurare. Injin farko ya yi tari, ya kama, sai muka ji ƙwal, kamar an saki guduma a kan dutse, ya yi shiru. Na biyu haka. Daga nan abin ya bi layi, ƙara na bin ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, wasu farfelun suka tsaya cak, wasu silindun suka tsage. 'Yan ƙalilan da suka kama da kyau ba su iya tashi ba, don abokan tashinsu sun mutu a ƙasa, jirgin Kurzan kuwa ba ya tashi shi kaɗai.

Iya ta ce in hau. Ta kama hannun tayarwa tana juyawa har injin ya ɗauka, goma sha takwas ɗin nan suka haɗa murya. Saura ta janye itacen da ke tare ƙafafun jirgi ta hawo, na ma miƙa mata hannu. Ta janye itacen, ta matso daidai kunnena.

Ta ce, "Ba zan je ba, Barmo. In na tafi, za su tara maƙeran birni su kwance injin su gane shi, baɗi war haka suna kanku. In ina nan, ni za a ba gyara, wa zai taɓa abin da tilo ta taɓa? Ni kuwa ka san hannuna ya tsufa. Gyaran nan zai daɗe."

Na ce, "Iya, kashe ki za su yi."

Ta ce, "Su kashe ni wa zai gyara musu? Na faɗa musu gaskiya a gaban shaidu, su suka ƙi. Je ka gaya wa mutanenka su haƙa wurin ɓuya, ko da na gaza."

Wannan ne karo na farko da ta kira ni da sunana. Na hango masu gadi sun ɓullo ta bayan ganuwa a guje. Ta ja da baya ta buga gefen jirgin da tafin hannu, kamar yadda ake korar jaki. Na saki jirgin ya gangara, teku ta taso mini, sama ta karɓe ni. Da na karkato na duba ƙasa, na ga mutane biyu-biyu sun cika fili, ita kuma tana tsaye a tsakiyarsu ta riƙe ƙugu.

Tafiyar da ta ci mini damina a ruwa, a yini da kwana na yi ta a sama. Man ya ƙare ina hango Dutsen Tama, na sauko a kan Fadamar Gishiri injin a mace. Mutanen Gwalmi suka watse cikin dawa, sai Tabawa ce ta tsaya da taɓarya a hannu, har ta gane tafiyata. Garin yana nan, hayaƙin girki yana tashi a kan jinkaye. Na durƙusa a kan gishirin na yi kukan da ban yi ba tun ranar da na fita.

Na gaya wa dattawa abin da na gani, aka haƙa koguna a cikin dutse, aka sa mai tsaro a kan tsauni. Shekara ta wuce ba a ga komai ba, wata shekarar ta bi ta. Mai tsaro ya koma gonarsa, kogunan suka zama rumbu da turken awaki. Mutane suka fara kirana Barmo mai jiran jirgi, in shaho ya gitta sai wani ya ce in gudu ga su nan. Su a wurinsu ba abin da ya faru. Ni kuwa duk safiyar da na fito na kasa kunne gabas na ji shiru, na san akwai wata tsohuwa a bayan teku tana goge sanda guda a hankali, tana ce wa sarakuna biyu saura kaɗan.

Yanzu na kai shekarun da na same ta a kai, har na wuce. Ba yadda za a yi a ce tana raye. Sama kuwa har yau shiru, don haka na san ta tafi da abin da ta sani ba ta bar wa kowa ba. A ƙasarsu ba a yi wa tilo zaman makoki, ba a raka shi kabari. Na so in yi mata sadaka a ranar da ta dace, amma ba wanda zai gaya mini ranar. Na je wurin limaminmu na tambaye shi yadda ake yi wa mamacin da ba a san lokacin mutuwarsa ba. Ya ce in zaɓi kowace rana, Allah Ya san tasa. Ya tambaye ni ko 'yar'uwata ce, don ya san yadda zai ambace ta a addu'a.

Na ce ya ce uwar Gwalmi. Ya dube ni ya ce bai taɓa jin ta ba. Na ce haka ne, malam, ba wanda ya taɓa ji, a yi mata addu'ar a haka.